Kwalaben Aro

Shafi na 31

"Ajiye wayar nan ka kalle ni."

Auta ya kife wayar a kan tebur. Bai kalle ta ba. Idonsa na kan labule, kamar an rubuta masa amsar a jiki.

"Wa ya ba ka izini?"

"Yaya, na riga na gaya miki."

"Yayarka tana gida. Nan ofis ne. Wa ya ba ka izini?"

"To, ranki ya daɗe." Ya ja kalmar har sai da ta koma zagi. "Babu wanda ya ba ni. Tun da aka gina ma'aikatar nan ba a taɓa neman izinin aro ba."

Ministar Lafiya ta zauna. Tun da rana ta gaya wa sakatariyarta ko wa ya zo a ce ba ta nan. Gobe da safe za ta tsaya gaban kwamitin majalisa. Abu ɗaya za su tambaye ta: yaya aka yi jarirai bakwaini uku suka mutu a Tsohon Asibiti a dare ɗaya, alhali kwalaben da ake ɗumama su a ciki suna can sabon ginin da ta gina, babu kowa a cikinsu, an lulluɓe su da leda.

Sunan mai laifi suke so. Kuma sai ta ba su.

Aro ba baƙon abu ba ne a ma'aikatar. Ta tarar da shi yadda ta tarar da kujerar da take kai. Duk lokacin da za a buɗe sabon asibiti, babbar mota takan zaga tsofaffin ta kwaso gadaje da kekunan marasa lafiya da duk na'urar da ke da kyan gani. A goge, a kankare lambar da ke jiki, a rufe da sabuwar leda kamar jiya aka sauke daga jirgi. Manya su zo su yanke ƙyalle, a tafa, a ɗau hoto. Da yamma kowa ya zo ya nemi kayansa. Ba a rubutawa. Ba a sa hannu. Da baki ake yi, bakin ma ƙasa-ƙasa.

Sai dai gado ake ara. Ba a taɓa aron abin da rai ke kwance a ciki ba, sai a zamaninta.

Sabon ginin na jarirai ne. Ɗan kwangila ya gama, ya yi fenti, har furanni ya dasa, amma kwalaben da ya ce suna kan teku har yau suna kan teku. Shugaban ƙasa da kansa ne zai buɗe. Auta kuwa, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke tsara mata duk wani taro tun ranar da Mama ta ce ba za ta zuba ido yana zaman banza yayarsa na minista ba.

Ya sake maimaita mata abin da ya faɗa jiya, murya babu hawa babu sauka. Rabin yini ya ara. A ɗauka da sassafe, a mayar da azahar. Ya ma bar musu guda ɗaya. Sai aka ɗage zuwan Shugaba zuwa washegari, masu tsaronsa kuwa sun riga sun bincike ginin sun sa kwaɗo. A ƙa'idarsu, wurin da aka bincike ko tsintsiya ba ta fita sai maigida ya zo ya tafi.

"Da ka ga an kulle, me ka yi?"

"Na roƙe su."

"Ka roƙe su."

"Na roƙe su, Yaya. Har durƙusawa na yi wa wani mai bindiga da na girme shi."

"Sannan ka je ka nemi wuri mai sanyi ka kwanta."

Sai yanzu ya juyo ya kalle ta.

"Ke ina kika kwana?"

Na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da gurnaninta. Minista ta gyara zaman wani biro da bai karkace ba.

"Ranar da na kai ki duba ginin," in ji shi, "kika shiga ɗakin kika ga babu komai sai fenti, me kika ce min?"

"Kada ka soma."

"Kin ce ba za ki kai Shugaba ya kalli bango ba. Kin ce in san yadda zan yi."

"Na ce ka je ka ciro jarirai daga kwalba?"

"Ba ki ce ba. Ba ki kuma tambaya ba. Da kika shigo kika gan su a jere, 'madalla Auta' kika ce, a gaban mutane. Ke likita ce, Yaya. Da kwalaben nan kika fara aiki. Akwai wadda murfinta ya tsage aka liƙe da filasta. Ita kika dafa aka yi muku hoto."

"An rufe ta da leda."

"Leda ce, ba bargo ba. Ana ganin ciki."

 Da ta yi magana, muryar da take yi wa 'yan jarida ce ta fito.

"Gobe sunanka zan faɗa."

Auta ya yi wata dariya marar sauti.

"Mama ta sani?"

"Mama ba ta cikin kwamiti."

"Haka kike gani."

Ya zaro makullin motar ofis ya ajiye mata kusa da hannu, ya ɗauki wayarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce lokacin da ta faɗi zaɓenta na farko, kowa ya watse har masu cin abinci a gidanta safe da yamma, shi ya zaga gari shi kaɗai yana ɓamɓare hotunanta daga bango don kada ta ga abin da aka zana mata a fuska.

"Ban ce ki tuna ba," ya ce. "Na dai faɗa."

Ya fita.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba aka ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya. Mutum ɗaya ne ke ƙwanƙwasa haka a ma'aikatar, kuma "ba ta nan" ba ta aiki a kansa.

Babban Sakatare ya shigo da takalminsa marar ƙara. Tsoho ne mai furfura a gyare, ya ga ministoci da yawa sun zo da jiniya sun tafi a motar aboki. Ya ɗosana a bakin kujera kamar baƙo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi yara da maigida, ya tambayi ƙafar Mama ko ta saki. Sai da ya gama duka sannan ya ce bangon ofishin ba shi da kauri, a yafe masa, ya ɗan ji muryoyi. Ya ce yana jinjina mata, ba kowa ne zai iya miƙa jininsa ba.

"Amma idan kika ba su ƙanenki, ranki ya daɗe, kin buɗe musu ƙofar ofishin nan da hannunki. Za su tambaya wa ya ɗauke shi aiki. Za su tambaya da sunan wa yake magana. Shi kuma idan aka matsa masa, zai yi maganar kwaɗo."

"Ai gaskiya ce. An sa kwaɗo."

"Daga sama an ce ba a sa ba."

Ta kalle shi. Fuskarsa kamar ta mai yi wa mutum barka.

"To wa ya rage?"

"Mai riƙe da makullin ɗakin jariran. Ita ta buɗe aka ɗauka."

Sista Babba yake nufi, shugabar masu jinya ta ɗakin jarirai a Tsohon Asibiti. Ya ce saura mata kaɗan ta yi ritaya, kuma an riga an dakatar da ita, rabin aikin ya yiwu ke nan. Za a kira shi sakaci. Jaridu su yi ihunsu su gaji, su koma kan wani. Ba za a ɗaure ta ba, shi zai tsaya a kai.

"Ita ta koya min neman jijiya a hannun jariri," in ji Minista.

"Allah ya saka mata da alheri." Ya gyara zama. "Ana maganar garambawul, ranki ya daɗe. Ba sai na gaya miki mutum nawa ke auna labulen ofishin nan da ido ba. Idan kika tafi, ginin can zai koma wurin ajiye tsofaffin kujeru, kwalaben kuma ba za su taɓa sauka daga teku ba. Kin fi ni sani. Ba don kanki za ki zauna ba. Don jarirai ne."

Wannan ne ya fi ba ta tsoro a mutumin. Bai taɓa kawo mata mugunta tsirara ba, kullum sai ya yi mata sutura.

Da ya fita ta daɗe a zaune. Abin haushin, akwai gaskiya a maganarsa. Saboda ginin nan ta bar aikin likita ta shiga siyasa. Ta sha zagi a kan dandamali, an ce ta koma kicin, an ce mijinta ya gaza. Ta faɗi, ta tashi, ta ci. Ranar da aka ba ta ma'aikatar nan, wani daga cikin abokan aikinta ya ce mata a gaban kowa, cikin raha, kada ta sayi sabon labule, ba za ta daɗe ba. Ta daɗe. Ta sa aka gina ɗakin da take mafarki tun tana ƙaramar likita tana kallon bakwaini biyu a kwalba ɗaya. Kuma ranar buɗe shi ne aka binne uku.

Ta ɗauki jakarta ta sauka ta ƙofar baya. Ta ce wa direba babu jiniya, babu masu rakiya, Tsohon Asibiti za su.

Ba su kai titi na biyu ba waya ta yi ƙara. Ba sai ta duba ba.

Mama ba ta amsa gaisuwa ba. Ta ce ga Auta nan ya shigo ya wuce ɗaki ya rufe ƙofa, bai ce uffan ba, ita kuma ba yarinya ba ce, ta haɗa ɗaya da ɗaya. Ta ce ita ta ce a ɗauke shi aiki, idan laifi ne a zo a kama ta. Minista ta bar ta ta yi ta faɗa, tana kallon masu sayar da kaya suna ratsa motoci.

"Ni na haife ku duka biyun," in ji Mama. "Ke kina da kujera, kina da miji, kina da 'ya'ya. Shi me gare shi?"

"Mama, jarirai uku suka mutu."

"Allah ya ba iyayensu haƙuri. Idan kika ɗaure shi za su dawo?"

"Ba za su dawo ba."

"To. Ubanku yana kan gadon mutuwa ya damƙa miki hannun yaron nan, ina tsaye. Ki kira sunansa gobe a gaban duniya idan kin ga dama. Amma daga majalisar ki wuce gidanki. Kada ki biyo ta nan."

Ta kashe.

Direba ya ƙara ƙarar rediyo kaɗan, don ya nuna bai ji ba. Ana maganarta a ciki. Ya yi sauri ya kashe.

Tsohon Asibiti bai canja ba. Warin maganin wanke ƙasa, bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ne, mata zaune a baranda da kwanuka a gabansu suna jiran a kira su. Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Babu wanda ya kula ta. Minista ba tare da jiniya ba mace ce kawai mai tsadar takalmi.

Ta sami Sista Babba a inda ba ta zata ba: a kan benci, a ƙofar ɗakin jarirai, cikin kayan gida. An hana ta shiga, amma ba a hana ta zama ba. Kullum takan zo da safe ta zauna a wurin har yamma, wai gida ba ya zaunuwa. Ta rame. Hannayen nan da ba sa hutawa suna ajiye a kan cinya kamar ba nata ba.

Ta ɗaga kai, ta kalli takalmin, ta kalli idon.

"Ƙaramar Likita. Yau babu 'yan bindiga?"

"Sista, ina wuni."

"Lafiya. Zauna, amma ta can gefen. Wannan ɓangaren yana kayar da manya."

Minista ta zauna. Ta gilashin ƙofa tana hango kwalaben, sun dawo, suna jere, fitilunsu na ci. A jikin ta ƙarshe har yanzu akwai guntun sabuwar leda da ba a gama yagewa ba.

Ba ta tambaya ba, Sista ce ta fara ba ta labari, a hankali, kamar mai miƙa aiki ga wanda zai karɓe ta. Ta ce da ta ga yamma ta yi motar ba ta dawo ba, sai ta haɗa waɗanda suka fi rauni a kwalbar da aka bari. Sauran ta ɗaura wa iyayensu a ƙirji, fata da fata, aka lulluɓe da duk wani zane da aka samu. Aka dafa ruwa aka cika robobi aka jera. Akwai wadda uwarta ba ta farfaɗo daga tiyata ba, wannan a ƙirjinta ta ɗaura ta. Ta ce tana jin numfashin yarinyar a jikinta kamar na ɗan tsako, sai can ta ji ita kaɗai ke numfashi.

"Uwar ta farfaɗo da safe," ta ce. "Ni na gaya mata. A talabijin ɗin baranda kuma ana nuna ku kuna tafi."

Minista ta runtse ido. Da ta buɗe ta kama hannun tsohuwar.

"Sista, suna so su ɗora miki. Na zo ne in gaya miki da bakina, ba zan bari ba. Ko me zai faru ba zan kira sunanki ba."

"Sunan wa za ki kira?"

"Auta."

Sista ta zare hannunta a hankali.

"Auta."

"Shi ya zo ya ɗauka."

"Shi ya zo ya ɗauka, ni na buɗe masa. Ya ce rabin yini, na yarda, don na san ginin na waye." Ta nuna bencin da haɓa. "Nan ya kwana. Inda kike zaune. Shi ya yi ta jigilar ruwan zafi daga wurin masu shayi da motar ofis. Ya koma wurin masu kwaɗon nan har suka nuna masa bindiga. Da ta farko ta tafi, na fito na same shi yana buga kansa a bango kamar ƙaramin yaro. Bai gaya miki ba?"

"Bai gaya min ba."

"Ba zai gaya miki ba. Taurin kanku ɗaya."

Wata mai jinya ta leƙo, ta yi wa Sista wata tambaya a kunne, ta ba ta amsa da kalma biyu. Yarinyar ta kalli baƙuwar, ta gane ta, ta yi kamar ba ta gane ba, ta koma ciki.

"Da Auta ya kira ni," in ji Minista. Muryarta ta yi ƙasa. "Da wani ya gaya min a daren, da ni da kaina zan je in sa a fasa kwaɗon. Kalma ɗaya zan yi da shugaban masu tsaron. Amma babu wanda ya gaya min, Sista. Sai da safe na ji, bayan an gama komai."

Sista Babba ta daɗe tana kallonta. Ba kallon fushi ba. Irin kallon da take yi wa jariri ne idan tana so ta gane ko zai kai gobe.

"Haka za ki faɗa musu?"

"Haka aka yi."

"Likita, na kira ki."

"Wayata tana hannun Auta ranar taro. Kowa ya sani."

"Ba waccan ba. Ƙaramar. Wadda kika ba ni lambarta ranar da aka rantsar da ke, kika ce mutum kaɗan ne ke da ita, ko yaushe ne in kira. Ban taɓa kira ba sai ranar. Rana ta faɗi ke nan." Ta ɗan dakata. "Ke kika ɗauka."

Barandar ta yi wa Minista nisa. Muryoyin matan suka koma kamar daga cikin rijiya.

Ta tuna. Ba ta taɓa mantawa ba, ajiye shi ta yi a inda ba ta leƙawa. Falon masaukin baƙi, shugaban jam'iyya da mutanensa, ana ta musu a kan wanda zai zauna dama da Shugaba gobe, wani na neman ya tura kujerarta layi na biyu a bikin ginin da ita ta gina. Wayar ta yi ƙara a jaka. Ta ɗauka ba ta ko tashi ba, ta toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Na ce miki, Likita, kwalabena ba su dawo ba," in ji Sista. "Ban ce na'ura ba, ban ce kaya ba. Kwalabena na ce. Kin san abin da na ce."

Minista ta kawar da kai.

"Kika ce min, 'Sista, a lallaɓa zuwa safe.'"

"Ban gane ba ne a lokacin. Akwai hayaniya."

"Na ji hayaniyar."

"Na ɗauka gadaje kike nufi."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi mari zafi. Shi take yi mata tun tana ƙaramar likita, idan ta zo da dalilin da ita kanta ba ta yarda da shi ba.

Sista ta ce ba ta gaya wa kowa ba. Masu binciken ma'aikata sun zo, ta ce musu ita ta buɗe ƙofa, ba ta ƙara ko kalma ba. 'Yan jarida sun bi ta har gida, ta rufe ƙofa. Auta ma bai sani ba. A daren ya yi ta cewa ba zai kira Yaya ba, Yaya na da babban taro gobe, shi ya ɓata shi zai gyara, ita kuma ta bar shi a haka, don ba ta ga amfanin ta gaya masa an riga an kira ba.

"Na lallaɓa, Likita. Wallahi na lallaɓa. Ba su kai safen ba ne."

Wayar da ke jakar Minista ta fara ƙara. Ƙaramar. Su biyun suka kalli jakar. Babu wanda ya motsa har ta katse.

"Ni ma sun aiko min," in ji Sista. "Kwamitin. Gobe, bayan kin gama naki, ni ce. An ce rantsar da mutum suke yi kafin ya buɗe baki."

"Sista..."

"Tsaya in gama. Kin san sau nawa na rufa miki asiri a ɗakin nan kina koyon aiki, babu wanda ya ji, kuma ban yi nadama ba. Idan sunana suke so, su ɗauka, na gama amfani da shi. Ban damu da ritaya ba. Yaron nan kuma ki bar shi, ya riga ya hukunta kansa fiye da yadda za su yi masa. Amma ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, kuma na tsufa da koyon sabon abu. Yarinyar nan a ƙirjina ta tafi. Ina jin wurin har yanzu."

Wayar ta sake farawa.

Sista Babba ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta. Bencin ya karkata, ta dafa bango. Ta yi maganar a hankali, yadda babu mai ji sai su biyu.

"Dole wani a cikinsu zai tambaya. Zai ce, Sista, da kika ga rana ta faɗi kwalabe ba su dawo ba, wa kika kira? Ke kika fi ni ilimi, Ƙaramar Likita. Me zan ce musu?"